Shiga Kabul Ba Wuya, Zaman Ne Aiki

Manyan dauloli uku ne suka tura rundunoninsu Afganistan a cikin ƙarni biyun da suka wuce, kuma babu wadda ta sha wuya wajen kama babban birnin ƙasar. Turawan Ingila sun shiga Kabul a watan Agusta na 1839 ba tare da an tare su a ƙofar gari ba. Sojojin Tarayyar Sobiyat sun gama da fadar shugaban ƙasa a dare ɗaya cikin Disamba na 1979. Amurka da ƙawayenta sun kori Taliban daga birnin a Nuwamba na 2001, mako biyar da 'yan kwanaki bayan jefa bam na farko. Kowace daga cikinsu ta zo da mutumin da take so ya yi mulki, kowace ta ce ba daɗewa za ta yi ba, kuma daga ƙarshe ƙasar ta koma hannun waɗanda aka zo yaƙa.

An saba ɗora alhakin wannan a kan duwatsun ƙasar da taurin kan mutanenta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai wanda ya bi labarin yaƙe-yaƙen uku daki-daki zai ga cewa ba a fagen daga aka fi cin baƙin ba. Abin da ya kayar da su shi ne sun kafa gwamnatin da ba ta iya tsayawa sai da bindigarsu da kuɗinsu, sannan suka gaji da biya. Wannan salon bai tsaya a Afganistan kaɗai ba, shi ya sa sanin tarihinsa yake taimaka wa mai son gane inda mamaya ta gaba za ta dosa.

Sarkin da aka ɗauko daga Ludhiana

A shekarun 1830 Kamfanin Gabashin Indiya ne ke riƙe da mafi yawan ƙasar Indiya a madadin Ingila, kuma ba abin da ke hana manyansa barci irin Rasha. Suna ganin daular Rasha tana matsowa kudu sannu a hankali, suna tsoron wata rana ta biyo ta Afganistan ta sauko Indiya. Sarkin Kabul na lokacin, Dost Muhammad Khan, ba maƙiyin Ingila ba ne. Buƙatarsa ɗaya ce, a taimaka masa ya karɓo Peshawar daga hannun Ranjit Singh, sarkin mabiya addinin Sikh na Punjab. Shi kuwa Ranjit Singh abokin Turawa ne, ba za su ɓata da shi ba. Ana cikin wannan ja-in-ja, a Disamba na 1837, sai ga wani jami'in Rasha mai suna Vitkevich ya sauka a Kabul, daidai lokacin da sojojin Farisa suka yi wa garin Herat ƙawanya da zugar Rasha. Wakilin Ingila da ke Kabul, Alexander Burnes, ya yi ta rubuta wa iyayen gidansa cewa Dost Muhammad mutum ne da za a iya shiri da shi. Ba a saurare shi ba.

Gwamna Janar na Indiya, Lord Auckland, yana da wani a hannu. A garin Ludhiana akwai tsohon sarkin Afganistan, Shah Shuja, wanda aka tumɓuke tun 1809, yana zaune yana cin fanshon Turawa. A Oktoba na 1838 Auckland ya fitar da sanarwa daga Simla cewa za a raka Shah Shuja ya koma gadon kakanninsa, kuma da zarar ya zauna daram sojojin Ingila za su janye. Kafin rundunar ta ɗaga ƙafa, Farisawa sun riga sun bar Herat. Babban dalilin yaƙin ya gushe ke nan, amma shiri ya yi nisa, ba wanda ya yarda a ce an fasa.

Rundunar ta taso da sojoji kimanin 21,000, mafi yawansu Indiyawa, da 'yan rakiya kusan 38,000, wato barori da masu dafa abinci da masu kiwon dabbobi da iyalansu, sai raƙuma wajen 30,000. An ruwaito cewa hafsoshin wata runduna sun keɓe raƙuma biyu don ɗaukar sigari kawai. Suka ratsa mashigin Bolan, suka shiga Kandahar a Afrilu na 1839, suka fasa ƙofar ganuwar Ghazni da albarushi a watan Yuli. Dost Muhammad ya gudu, daga baya a 1840 ya miƙa wuya aka kai shi Indiya. Shah Shuja ya shiga Kabul bisa doki, da sojojin baƙi a gaba da bayansa, mutanen gari suna kallo ba guɗa ba kirari.

Nan Turawa suka fahimci cewa in suka tafi, sarkinsu ba zai kai labari ba. Sai suka zauna. Da yake Shah Shuja yana son babbar fadar Bala Hissar mai ganuwa don iyalinsa, sai sojojin suka gina barikinsu a wani kwari bayan gari, tuddai suna kallonsa daga sama, rumbun abincinsu kuma yana wajen katanga. Hafsoshi suka kira matansu daga Indiya, aka shiga sukuwar dawaki da liyafa. A ɗaya gefen kuwa, zaman yana cin baitulmalin Indiya fiye da fam miliyan ɗaya a shekara. Da aka matsa wa babban wakilin Ingila, William Macnaghten, ya rage kashe kuɗi, sai a 1841 ya zabtare rabin abin da ake ba shugabannin ƙabilar Ghilzai don su bar hanyar da ta tashi daga Kabul zuwa Indiya a buɗe. Kafin a ce kwabo, Ghilzai sun datse hanyar.

A ranar 2 ga Nuwamba 1841 tarzoma ta ɓarke a Kabul, aka kashe Burnes a gidansa. 'Yan tawaye suka kame rumbun abincin nan da aka bari a waje. Kwamandan rundunar, Janar Elphinstone, dattijo ne marar lafiya, ya kasa yanke shawara ko ɗaya. A ranar 23 ga Disamba aka kashe Macnaghten a wurin wata ganawa da Akbar Khan, ɗan Dost Muhammad. Ranar 6 ga Janairu 1842, cikin tsananin sanyi, sojoji 4,500 da 'yan rakiya 12,000 suka fito suka nufi Jalalabad bisa alkawarin ba za a taɓa su ba. Dusar ƙanƙara ta ci wasu tun daren farko, mayaƙan Ghilzai suka yi wa saura ruwan harsasai daga saman duwatsu a matsatsin Khurd Kabul. Ragowar suka tsaya a tudun Gandamak aka gama da su. A ranar 13 ga wata, masu gadi a kan ganuwar Jalalabad suka hango Bature ɗaya bisa dokin da ya kusa faɗuwa, likita William Brydon, da rauni a kansa.

An kashe Shah Shuja a Afrilu na wannan shekara. Ingila ta turo wata runduna ta ɗauki fansa, ta rushe babbar kasuwar Kabul, sannan ta juya. Aka saki Dost Muhammad ya koma gadonsa a 1843, ya yi mulki har ya rasu a 1863. Mutumin da aka kashe dukiya da rayuka don a kawar, shi aka dawo aka yi shiri da shi.

Duk da haka, a 1878 Turawa suka sake shiga saboda wani ayarin jakadun Rasha da ya sauka a Kabul. Aka sake kashe wakilinsu, Louis Cavagnari, a 1879, aka kuma yi musu mummunar ɓarna a Maiwand a 1880. A wannan karon sai suka sauya dabara. Suka bar Abdur Rahman Khan, jikan Dost Muhammad, ya yi mulkinsa yadda ya ga dama, suna ba shi kuɗi duk shekara, su kuma suka riƙe harkokin waje kawai. Wannan tsarin da babu sojan baƙi ko ɗaya a Kabul shi ne ya ɗore, har 1919 lokacin da Amanullah Khan ya karɓi cikakken 'yanci.

Daren fadar Tajbeg

A Afrilu na 1978 jam'iyyar 'yan kwaminis ta Afganistan ta kashe Shugaba Daud Khan ta karɓi mulki ƙarƙashin Nur Muhammad Taraki. Suka ɗauko raba gonaki da sauya dokokin aure da ƙarfin tsiya, suka cika kurkukun Pul-e-Charkhi da malamai da masu sarauta. Karkara ta ɗauki makami. A Maris na 1979 garin Herat ya yi bore, har sojojin gwamnati suka koma ɓangaren 'yan tawaye. Taraki ya roƙi Mosko ta turo dakaru. Firaminista Kosygin ya ƙi, ya nuna masa cewa zuwan sojojin waje zai ƙara dagula al'amura ne, jama'a su ɗauke su abokan gaba. Manyan Sobiyat sun san illar abin tun kafin su aikata shi.

Abin da ya sauya musu ra'ayi rigimar cikin gida ce ta jam'iyyar. A Satumba na 1979 Hafizullah Amin ya kifar da Taraki, daga baya ya sa aka kashe shi. Hukumar leƙen asiri ta KGB ta fara zargin Amin yana neman kusantar Amurka. A ranar 12 ga Disamba, shugaban Sobiyat Brezhnev da wasu 'yan tsirarun tsofaffin da ke kewaye da shi, Andropov da Ustinov da Gromyko, suka yanke shawarar shiga, duk da cewa babban hafsan sojojinsu, Ogarkov, ya nuna rashin amincewarsa. Su ma suna da wani a hannu, Babrak Karmal, wanda abokan hamayyarsa a jam'iyya suka tura jakadanci Prag don su rabu da shi.

Ranar 25 ga Disamba dakaru suka fara tsallake kogin Amu Darya. Amin yana murna, a zatonsa taimakon da ya roƙa ne ya iso. Ranar 27 ga wata, wani mai dafa abinci da KGB ta dasa a fadar Tajbeg ya sa masa guba a abincin rana. Aka kira likitocin Sobiyat, su kuma da yake ba su san da shirin ba, suka duƙufa har suka farfaɗo da shi. Da magariba ta yi, sojojin musamman na Sobiyat sanye da kakin sojojin Afganistan suka afka wa fadar suka kashe shi. Cikin daren aka ji muryar Karmal a rediyo yana shelar sabuwar gwamnati, alhali daga garin Termez na cikin Tarayyar Sobiyat ake watsa jawabin.

Mosko ta kira rundunarta taƙaitacciyar tawaga, tana sa ran 'yan watanni sun isa. Tawagar ta haura sojoji 100,000, ta kuma shekara tara da 'yan makonni. Sobiyat ta riƙe birane da babbar hanyar da ta ratsa ramin Salang, mujahidai suka riƙe ƙauyuka da dare. An kai wa kwamandan mujahidai Ahmad Shah Mas'ud farmaki sau da dama a kwarin Panjshir, duk lokacin da tankoki suka juya sai ya dawo. Ƙarfin mujahidai kuwa daga bayan iyaka yake zuwa. Pakistan ta Janar Ziya'ul Haƙ ta ba su mafaka da horo, Amurka da Saudiyya suna zuba kuɗi, kuma daga 1986 aka fara ba su makamin Stinger da ake harbo jirage da shi daga kafaɗa. Ana mayar da gawarwakin samarin Sobiyat gida a akwatunan ƙarfe da aka liƙe, jaridu ba sa cewa uffan. Sojojinsu kimanin 15,000 suka mutu. Na Afganistan kuwa, ana ƙiyasta mamatan da wajen miliyan ɗaya, fiye da miliyan biyar kuma suka yi gudun hijira zuwa Pakistan da Iran.

Da Gorbachev ya hau mulki ya ga tattalin arzikin ƙasarsa ba zai iya ci gaba da ɗaukar wannan nauyi ba. Aka sauke Karmal a 1986 aka ɗora Najibullah, shugaban 'yan sandan ciki. Aka sa hannu a yarjejeniyar Janiba a Afrilu na 1988, kuma ranar 15 ga Fabrairu 1989 Janar Boris Gromov ya tako gadar Termez da ƙafa a bayan rundunarsa.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren labarin da aka fi mantawa, kuma shi ya fi koyar da darasi. Kowa ya zata Najibullah ba zai yi wata uku ba. Mujahidai suka taru suka kai wa Jalalabad hari a Maris na 1989, sojojinsa suka fatattake su. Ya ci gaba da mulki shekara uku cur, domin Mosko tana aiko masa da mai da alkama da makamai da kuɗin da yake biyan mayaƙan sa-kai. Tarayyar Sobiyat ta wargaje a Disamba na 1991, tallafin ya tsaya a Janairu na 1992. Janar Abdul Rashid Dostum, wanda mayaƙansa ke tsare arewa, ya koma ɓangaren Mas'ud, a watan Afrilu gwamnatin ta rushe. Najibullah ya fake a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Kabul har Satumba na 1996, lokacin da Taliban suka shigo suka fito da shi suka kashe.

Shekara ashirin na Amurka

Dalilin shigar Amurka ya fi na sauran biyun ƙarfi. Harin 11 ga Satumba 2001 ya kashe mutum kusan 3,000, kuma Usama bin Ladan, wanda ƙungiyarsa ta kai harin, yana zaune a Afganistan ƙarƙashin inuwar Taliban. Tun kafin jiragen yaƙi su fara luguden wuta ranar 7 ga Oktoba, jami'an CIA sun sauka a Panjshir da akwatunan daloli suna raba wa kwamandojin arewa. Kabul ta faɗi ranar 13 ga Nuwamba, Kandahar ta biyo baya a farkon Disamba. Bin Ladan ya sulale daga duwatsun Tora Bora ya tsallaka Pakistan. Hamid Karzai, wanda ya daɗe yana zaman gudun hijira a Quetta, ya shigo ƙasar a kan babur, taron da aka yi a birnin Bonn na Jamus kuma ya naɗa shi shugaban riƙo. Ba a gayyaci Taliban taron ba. Da wasu manyansu suka nemi su ajiye makamai a bar su su koma ƙauyukansu, Sakataren Tsaro Donald Rumsfeld ya nuna babu zancen sasanci.

An zo kama mutum ɗaya da ƙungiyarsa, sai aikin ya rikiɗe ya zama gina ƙasa sabuwa fil, da kundin tsarin mulki da zaɓe da sojoji da kotuna. An kuma samu abubuwan alheri na zahiri, musamman miliyoyin 'yan mata da suka shiga makaranta da asibitocin da aka buɗe. Sai dai tun 2003 hankalin Washinton ya koma Iraƙi, Taliban kuwa suka sake haɗa kansu a cikin Pakistan, ta kan iyakar nan da Amurka da kanta ta yi amfani da ita a kan Sobiyat. Obama ya ƙara dakaru 30,000 a ƙarshen 2009, adadinsu ya kai wajen 100,000, amma a jawabin da ya sanar da ƙarin ya faɗi lokacin da za a fara janye su. Taliban ba su da abin yi sai jira. An kashe Bin Ladan a Abbottabad a Mayu na 2011, yaƙin ya ci gaba har shekara goma bayan haka.

Kuɗin da aka zuba ya fi ƙarfin abin da ƙasar za ta iya haɗiyewa, sai ya zama cin hanci. Bankin Kabul ya durƙushe a 2010 bayan na kusa da masu mulki sun kwashe kusan dala miliyan 900. Kwamandoji suna karɓar albashin sojojin bogi, sunaye a takarda babu mutane a bariki. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da gwamnati ke kashewa daga tallafin waje yake fitowa. An gina wa sojojin Afganistan rundunar da ta saba yaƙi irin na Amurka, mai dogaro da jirage, jiragen kuma 'yan kwangilar ƙasashen waje ne ke gyara su.

A ranar 29 ga Fabrairu 2020 gwamnatin Trump ta sa hannu da Taliban a Doha, ba tare da gwamnatin Ashraf Ghani tana wurin ba, har aka tilasta mata sakin fursunoni 5,000. Biden ya tabbatar da ficewar a Afrilu na 2021. A farkon Yuli sojojin Amurka suka bar sansanin Bagram cikin dare, suka kashe wutar lantarki, kwamandan Afganistan da zai karɓi wurin ya ce sai bayan sun tafi ya samu labari. 'Yan kwangila suka kwashe kayansu, jirage suka fara zama a ƙasa, sojojin da ke ƙananan sansanoni suka rasa harsashi da abinci, sai dattawan gari suka shiga tsakani ana miƙa wuya ba tare da harbi ba. Zaranj, babban birnin lardi na farko, ya faɗi ranar 6 ga Agusta. Ranar 15 ga wata Ghani ya tsere, Taliban suka shiga fada. Amurka ta rasa sojoji fiye da 2,400, ta kashe abin da ake ƙiyasta ya haura dala tiriliyan biyu. Sojoji da 'yan sandan Afganistan da suka mutu sun haura 60,000.

Abin da ke maimaita kansa

In aka jera labaran uku, abu na farko da ke fitowa shi ne ba ƙasar da za a shiga ake kallo ba, abokin hamayya ake kallo. Auckland Rasha yake gani, Brezhnev Amurka yake gani, kuma a duk karon akwai masanan da suka gargaɗi masu mulki aka yi watsi da su. Abu na biyu, akwai ɗan ƙasa da ke zaune a waje yana tabbatar wa baƙi cewa jama'a suna jiransa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, shugaban da ya shigo a bayan rundunar baƙi kuwa kullum ana tuna masa wanda ya kawo shi. Ba zai iya zama babu su ba, zamansu kuma shi ke ƙara zubar masa da mutunci. Abu na uku, nasarar farko takan zo da sauri har ta ruɗi mai ita ya faɗaɗa burinsa. Na huɗu kuwa, ranar faɗuwa ba ranar da sojojin baƙi suka fita ba ce, ranar da kuɗi ya yanke ce. Rabin kuɗin Ghilzai, man fetur ɗin Najibullah, da masu gyaran jiragen Ghani duk labari ɗaya suke bayarwa.

Mutanen Sahel sun ga irin wannan da idonsu. Faransa ta shiga Mali ranar 11 ga Janairu 2013 bisa roƙon shugaban riƙo Dioncounda Traoré, ta kori masu ɗauke da makamai daga Gao da Timbuktu cikin makonni uku, jama'a suka tarbi Shugaba Hollande da kiɗa da tutoci. A 2014 aikin ya zama rundunar Barkhane mai hedikwata a Njamena, ta bazu a ƙasashe biyar da sojoji fiye da 5,000, babu ranar gamawa. Tashin hankalin ya watsu zuwa Burkina Faso da yammacin Nijar, masu tafi suka zama masu zanga-zanga. Sojan Faransa na ƙarshe ya bar Mali ranar 15 ga Agusta 2022, ya bar Nijar a Disamba na 2023 bayan juyin mulkin da ya kifar da Bazoum, Amurka ma ta rufe sansanin jiragenta marasa matuƙa na Agadas a 2024. A Siriya kuma, Rasha ta shiga a Satumba na 2015 ta tsayar da Bashar al-Assad, amma da yaƙin Yukren ya ɗauke mata hankali da ƙarfi, gwamnatinsa ta rushe cikin kwanaki goma sha ɗaya a Disamba na 2024.

Ba kowace shiga ce ke ƙarewa haka ba. A 1991 Amurka da ƙawayenta sun fitar da Iraƙi daga Kuwait suka tsaya nan, ba su nufi Bagadaza ba. A Janairu na 2017 dakarun ECOWAS sun tilasta wa Yahya Jammeh barin Gambiya bayan ya faɗi zaɓe. Abin da ya bambanta waɗannan shi ne burin ƙarami ne, kowa zai iya gane ranar da ya cika, kuma wanda aka mayar kan mulki yana da halaccinsa tun kafin baƙi su zo.

Mamaya ta gaba kuma tana tafe, domin ɗacin shan kaye ba ya daɗewa a bakin manyan ƙasashe. Ingila ta koma Kabul shekara 37 bayan Gandamak. Amurka ta ja baya bayan Biyetnam, amma ƙananan nasarori a Granada a 1983 da Panama a 1989 suka dawo mata da ƙwarin gwiwa, sauƙin faɗuwar Kabul a 2001 kuma ya taimaka wajen buɗe ƙofar Iraƙi. Abin da ke sauyawa shi ne salon shigar. Bayan babbar asara akan koma ga jirage marasa matuƙa da masu ba da horo da sojojin haya, irin yadda mayaƙan Wagner suka maye gurbin Faransa a Mali. Masu shigar ma sun ƙaru, ga Saudiyya da Daular Larabawa da suka shiga Yaman a 2015, ga Turkiyya a Libiya.

Saboda haka duk wanda ya ji an ce wata ƙasa za ta tura dakaru na ɗan lokaci, sai ya nemi amsar 'yan tambayoyi kafin ya yi tafi ko ya yi tir. Wa ake tsoro a zahiri, mutanen ƙasar ko wata daular da ke leƙe? Wanda za a tallafa, yana da jama'arsa tun kafin a zo? Me zai faru da za a ce aiki ya kammala? Akwai maƙwabciyar da abokan gaba za su fake a cikinta su huta su dawo? Sai kuma tambayar da ta fi duka nauyi, wato daga aljihun wa albashin sojan ƙasar yake fitowa. In daga harajin 'yan ƙasa ne, gwamnatin za ta iya rayuwa bayan baƙi sun tafi. In daga majalisar dokokin wata ƙasa mai nisa ne, to masu zaɓen can ne za su yanke mata wa'adi, kuma ba za su yi shawara da ita ba ranar da suka gaji.